Ramin Kwanto: Yadda Maharbi Ke Dakon Gada da Barewa da Kwari da Baka

Ramin kwanto rami ne da maharbi ke haƙa wa kansa a bakin mashaya ko a gefen turbar namun daji, ya shiga ya zauna, ya kange bakinsa da rassa da ciyawa, yana dakon naman da zai matso har kibiya ta iya cim masa. Ya sha bamban da ramin tarko, wanda ake rufewa da ƙirare da ƙasa domin dabba ta taka ta rufta. A ramin tarko dabba ce ke faɗawa, a ramin kwanto kuwa mutum ne ke shiga da ƙafarsa. Dabara ce daɗaɗɗiya da aka sani a duk inda mutum ya nemi nama da kwari da baka a ƙasa mai sarari, tun daga dazuzzukan ƙasar Hausa har zuwa Tanzaniya, Namibiya da Amurka.

Maharbi da mafarauci

Bahaushe ya raba masu neman naman daji gida biyu. Akwai 'yan farauta, masu fita rundunarsu da rani, da karnuka da gora da adda da barandami, ana kiɗa ana kirari, a kewaye daji a tayar da duk abin da ke ciki. Akwai kuma maharbi, wanda ke fita shi kaɗai ko da ɗansa, ba kiɗa ba kare, sai baka a hannu da kwari a kafaɗa. Shugaban maharba shi ne Sarkin Baka, sarautar da har yau ake naɗawa a garuruwa da dama.

Maharbi yana da hanya biyu ta kusantar nama. Ta farko sanɗa: ya bi shi a hankali har ya kai gare shi. A nan ne ake amfani da burtu, wato kan tsuntsun nan da ake haɗawa da itace a lulluɓe da fata, wani lokaci a yi masa ado da 'ya'yan idon zakara. Maharbi ya ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙin tufafi, ya riƙa rarrafe yana sunkuyar da kai kamar tsuntsu na kiwo, har barewa ta sake da shi. Hanya ta biyu dako: ya tsaya wuri guda, naman ya kawo kansa. Ana dako a kan bishiya, ana yi a bayan kurmi ko suri, ana kuma yi a cikin rami, musamman inda babu itacen hawa ko duhuwar fakewa.

A ƙasar Gwandu da Kalgo, inda za mu ɗauki misali, baka ba baƙon makami ba ne. A yaƙin Tafkin Kwatto na watan Yunin 1804, rundunar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta yawancinta 'yan baka ne, dawakinsu kaɗan, amma suka karya mahayan Gobir. Daga 1805 Gwandu ta zama sansanin jama'ar Shehu ɗan Fodiyo, daga baya kuma ta zama hedikwatar yammacin daular da suka kafa. Bakan da aka yi yaƙi da shi, shi ne dai ake fita daji da shi.

Ƙasar da namunta

Gwandu tana gabas da Birnin Kebbi, a cikin kwari mai lambuna, kewaye da jigawa da tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai waɗanda marmara ta rufe. Irin wannan ƙasa ce ta shimfiɗu wajen Dalijan, Kambaza da Malisa. Kalgo kuwa tana kudu da Birnin Kebbi, ƙasarta ta gangara zuwa fadamar Gulbin Kebbi, inda ruwa ke malala da damina ya bar tafkuna da gulabe idan ya janye. Damina gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin rani ne, kuma a Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Wannan dogon rani shi ne ginshiƙin dako, domin idan ruwa ya ƙafe a ko'ina, sai sauran kududdufai su tara namun daji wuri guda.

Namun da maharbin wannan yanki ya sani da suna sun haɗa da gada, barewa, batsiya, mazo, kwanta-rafi, maraya da gwanki. Gada ƙarama ce, nauyinta tsakanin kilo 12 da 25, tana yawo ita kaɗai a cikin sabara da geza. Barewa ta ɗan fi ta, tana son fili. Gwanki shi ne babbansu, namijinsa kan haura kilo 250.

Sanin halin kowace dabba shi ke nuna inda za a haƙa rami. Maraya, kwanta-rafi da gwanki ba sa jure ƙishirwa, don haka ana dakonsu a mashaya. Mazo ma ba ya nisa da duhuwar bakin ruwa. Gada kuwa takan daɗe ba ta sha ba, domin ganye da 'ya'yan itace na kashe mata ƙishi. Wanda ya zauna dakon gada a bakin tafki yana iya kwana uku bai ga ƙeyarta ba. Wurinta gindin kanya, aduwa ko magarya lokacin da 'ya'yansu ke zuba, ko ƙarƙashin gawo da rani, ko gefen gonar wake. Akwai kuma wuraren da ƙasa ke da gishiri-gishiri, inda namun ke zuwa lasa.

Dalilin shiga rami

Bakan gargajiya ba ya cin nisa. Yana iya jefa kibiya can gaba, amma harbin da maharbi zai amince da shi bai cika wuce taki ashirin ba. Akwai kuma wani lissafi da ke ƙara matse shi. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, kibiyar bakan itace kuwa da ƙyar take wuce mita 50. Ke nan ƙarar tsarkiya na riga kibiya isa kunnen dabba. A taki goma ba ta da damar motsawa. A taki talatin kuwa ta riga ta durƙusa don zabura, sai kibiya ta bi ta saman gadon bayanta. Saboda haka duk aikin maharbi ya tattara ne a kan rage wannan tazara, kuma masu gadi uku ne ke hana shi: ido, kunne da hanci.

Idanun barewa da danginta a gefen kai suke, suna ganin kusan ko'ina ban da bayan ƙeya. Launi bai dame su ba kamar motsi da siffa. Mutum a tsaye siffa ce da duk naman daji ya haddace. Rami yana nutsar da wannan siffa, ya bar kai da kafaɗa kawai, su ma a bayan rassa. Ɗaga baka da jan tsarkiya, waɗanda su ne motsin da ya fi tona asirin maharbi, rabinsu a ƙarƙashin ƙasa ake yin su. Bangon ramin yana kuma shanye ƙananan sautuka, kamar gyara zama ko gogar kibiya a jikin kwari.

Hanci ne mai wuyar sha'ani. Rami yana rage yaɗuwar warin mutum, amma ba ya kashe shi. Idan iska ta taso daga maharbi zuwa dabba, zance ya ƙare, ko da ramin ya kai zurfin rijiya.

Zaɓen wuri

Kafin a sa dagi a ƙasa, maharbi kan yi kwanaki yana karatun sawu. Yana duba ta inda namun ke gangarowa, da ta inda suke komawa, da girman kofato, da ɗanyen kashi ko busasshe. Sawun da gefensa ke da kaifi na daren jiya ne. Wanda iska ta share bakinsa, ko ƙwari suka ratsa ta kansa, ya kwana biyu.

Daga nan sai iska. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska daga arewa maso gabas take busowa, don haka ramin yakan kasance kudu maso yamma da mashaya. Idan bazara ta kawo iskar damina daga kudu maso yamma, lissafin ya juya. Maharbi kan riƙe 'yar toka a ƙullin tsumma. Ya kaɗa ƙullin sau ɗaya, ya bi farin ƙurar da ido ya ga inda ta nufa, ko da iskar ba ta kai a ji ta a fata ba. Da faɗuwar rana kuma sanyin iska kan gangara zuwa kwari, ya kwashi warin mutum ya kai bakin ruwa. Shi ya sa ba a haƙa rami a kan gangare daidai saman mashaya.

Ba a kuma haƙa shi a tsakiyar turba. Gefe ake komawa, yadda dabba za ta gifta ta ba da haƙarƙari, ba ta zo gaba da gaba ba. An fi son rana ta kasance a bayan maharbi, ta haske naman ta kuma kashe masa ido. Ƙasar ma abar dubawa ce. Rairayin jigawa yana da sauƙin haƙa amma yana zubowa. Laƙar fadama tana riƙe bango, sai dai idan aka matsa kusa da ruwa sai ramin ya tsattsafo. Marmara da fako kuwa sai dagi ya yi ta tartsatsi. Wurin da ya fi shi ne inda yashi ya gauraya da yumɓu, a gindin wata sabara ko kalgo da dama can take tsaye.

Yadda ake haƙa shi

Da tsakar rana ake aikin, lokacin da namun ke kwance a inuwa nesa da ruwa. Kayan aiki dagi ne da fartanya da kwando. Zurfin ya danganta da tsawon mutum da na bakansa, amma yawanci kamu biyu ne, wato wajen mita guda, yadda idan ya zauna idonsa zai ɗan haura bakin ramin. Ana barin dakali a bango na baya don zama, a zurfafa wajen ƙafafu. Abin da sabon shiga ke mantawa shi ne gindin baka. Dole a faɗaɗa gaban ramin yadda idan aka saki tsarkiya ƙasan bakan ba zai doki bango ba, domin in ya doka, kibiya ta kauce, bakan ma yana iya tsagewa. Gwani kan shiga ya ja baka ta kowace fuska kafin ya ce ramin ya yi.

Ƙasar da aka fitar ita ce babbar mai tona asiri. Launinta ya fi na sama duhu, ƙanshinta sabo ne. Akan kwashe yawancinta a kwando a kai nesa a watsar, a bar kaɗan a yi ɗan tudu a gaba, a yayyafa masa busasshiyar ƙasa da ganye. Rassan da za a kange ramin da su na wurin ake sara: sabara, geza, kalgo, da tushen gamba. Sabon zana ko baƙon itace sai ya sa naman ya tsaya daga nesa yana kallo. Bayan ramin ya fi gabansa bukatar duhuwa, domin kan mutum ya saje da ita. A gaba kuwa ana barin kafa ɗaya ko biyu, a share duk wani tsinke da ke kan hanyar kibiya.

Idan an gama, sai a bar wurin kwana biyu ko uku, warin mutum ya baje, namun su saba da sabon kurmin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Baka, kibiya da dafi

Ana sassaƙa baka da itace mai tauri da lanƙwasa, irin su dargaza da ɗunɗu, a yi tsarkiya da murɗaɗɗiyar fata. Jikin kibiya kyauro ne, kanta ƙarfe ne mai kunne, aikin maƙeri, kuma yawanci ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi. Kibiya ce marar nauyi, wadda ita kaɗai ba ta isa ta kayar da gwanki ba. Dafi ne ke ƙarasa aikin.

Uwar dafin kibiya a ƙasar Hausa ita ce ƙwanƙwani, tsiron da masana ke kira Strophanthus, wanda gubarsa ke tsayar da bugun zuciya. Maƙwabta Zabarmawa da Sanwai ma da shi suke aiki, kamar yadda Bafaranshen nan Jean Rouch ya nuna a fim ɗinsa na maharba zaki da baka a yammacin Nijar, wanda ya kammala a 1965. Dangin wannan tsiro ne likita John Kirk ya gani a hannun maharba lokacin tafiyar Livingstone ta kogin Zambezi, tsakanin 1858 da 1864, har daga bisani Thomas Fraser na jami'ar Edinbara ya fitar da maganin ciwon zuciya daga cikinsa. Haɗin dafi sirrin gida ne, daga uba sai ɗa, kuma kowane gida na da nasa makarin. Idan nama ya faɗi, ana yanke tsokar da ke kewaye da raunin a binne.

Zaman dako

Maharbi kan shiga rami tun da la'asar sakaliya, ko kafin asuba, ko a daren farin wata. Ba ya bin turbar namun, ta bayan iska yake zagayowa. Ya bar taba da turare da sabulu mai ƙanshi a gida. Ya shimfiɗa buzu a dakali, ya jingina kibau biyu inda hannu zai kai ba lalube, ya ɗora ɗaya a tsarkiya. Daga nan sai haƙuri. Sauro ya cije shi ba halin mari, tari ya taso ya haɗiye.

Tsuntsaye ne ke fara saukowa: kurciya, hasbiya, fakara, zabin daji. Sakewarsu alama ce ga sauran namun cewa wurin lafiya. Can sai mazo ya ɓullo a bakin duhuwa. Ba ya zuwa kai tsaye. Ya yi taku uku ya tsaya, kunnuwa na juyawa, hanci na rawa. Ya sunkuya kamar zai sha, sai ya ɗago kai farat ɗaya, ko zai kama wani abu yana motsi. Maharbin da ya ja baka a sunkuyon farko ya yi asara. Sai naman ya nutsa baki a ruwa sosai, maƙogwaro ya fara aiki, sannan ake ja a hankali. Wurin da ake nema bayan kafaɗa ne, inda huhu da zuciya suke. Daga rami kibiya tana tafiya kusan daidai da ƙirjin dabba, ba daga sama ba kamar harbin kan bishiya, don haka ta fi ratsa wurin da ake so.

Bayan harbi ba a fitowa da gudu. Naman da aka kora yana ƙara nisa, wanda aka ƙyale kuwa yakan kwanta kusa. Sai a ɗan jinkirta a bi jini da sawu. A nan ma ana hattara, domin babban nama mai rauni, irin su ɓauna, yana iya laɓewa ya jira mai binsa. Daga wannan hali na ɓauna aka samo kalmar kwanton ɓauna.

Jinkirin yana da iyaka, saboda hukuncin addini. A fiƙihun Malikiyya ana ambaton sunan Allah lokacin sakin kibiya, kuma idan aka tarar da naman da rai wajibi ne a yanka shi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta halatta wanda kibiya ta kashe kafin a iso, muddin bai kwana a ɓace ba. Muhtasar na Shehu Halil kuma ya hana cin wanda aka harba da makami mai guba idan ba a tabbatar ko kaifin ne ya kashe shi ko gubar ba. Wannan ne ya sa maharbi Musulmi ke ƙoƙarin cim ma namansa da wuƙa kafin rai ya fita.

Haɗurran rami

Rami mai sanyi da inuwa masauki ne ga kububuwa, kasa da kunama. Ba a zura ƙafa sai an bincike shi da sanda. Bangon rairayi kan rufto, ruwan sama na dare ɗaya kuma kan mayar da ramin fadama rijiya. Kibiya mai dafi a wuri matsattse haɗari ce ga mai ita, shi ya sa kawunansu ke zama a cikin kwari sai wadda za a harba. Sannan akwai haƙƙin jama'a. Mashayar namun daji ita ce mashayar shanu, kuma ramin da aka bari a buɗe yana iya karya ƙafar saniya ko ta yaron da ke kiwo, ya jawo rigimar da ta fi naman tsada. Wanda ya haƙa rami, shi ke da alhakin cike shi.

A wasu ƙasashe

Mutanen Hadza na gefen tafkin Eyasi a Tanzaniya har yanzu suna kwana a maɓoya kusa da ruwa a ƙarshen rani, da baka da kibiya mai dafi. A gandayen farauta na Namibiya da Afirka ta Kudu ana gina ramin da siminti, a yi masa rufi da 'yan tagogi. A Amurka, inda jihar Wiskonsin ta fara ware lokacin farauta da baka a 1934, ana haƙa irin wannan rami a filayen da babu bishiya, kamar na Wayomin. Abin da suka fi harbi wata dabba ce da ake fassarawa da barewa, ko da yake danginsu daban: ƙahonta rassa gare shi, kuma yana faɗuwa duk shekara ya sake tsirowa, alhali ƙahon barewa da gada na har abada ne. Bakansu na zamani mai ƙafafun jan tsarkiya, wanda Holless Allen ya yi wa rajista a 1969, ya kusa ninka na itace sauri. Duk da haka yawancin harbinsu bai wuce mita 20 zuwa 30 ba, kuma iska na tona musu asiri kamar yadda take tona wa maharbin Gwandu ko Kalgo.

Doka da halin da ake ciki

Dajin da ya raya wannan sana'a ya ja baya ƙwarai. Annobar shanu ta wajen 1890 ta kashe namun daji masu kofato tare da shanun. Farin 1973 da na 1984 sun ƙara. Bindiga ta maye gurbin baka, fitilar goshi ta mayar da dare rana. Madatsun Bakolori da Goronyo sun sauya yadda ruwa ke malala a fadama, noman shinkafa kuma ya faɗaɗa, musamman bayan shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Abin da ɗan farauta ya fi samu yau a ƙasar Gwandu da Kalgo zomo ne, da gafiya, bushiya, damo da fakara. Gwanki da maraya sai a gandun dajin Kainji ko gandun W da ya ratsa Nijar, Benin da Burkina Faso. Barewa mai jan goshi ma tana cikin jerin dabbobin duniya da ake fargabar ƙarewarsu.

Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta tsara farauta da lasisi. Dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta haramta makami mai guba, da wuta, da farautar dare a kan namun da ta lissafa. Ke nan wani sashe na abin da aka bayyana a sama ya zama tarihi ta fuskar doka. Tsofaffin maharba su ma suna da tasu ƙa'idar: ba a harbin mai ciki ko mai shayarwa, domin gada ɗa guda take haifa bayan ciki na wajen wata shida.

Abin da bai tsufa ba shi ne ilimin: karatun sawu, sanin iska, da iya zama shiru. Da irin wannan maɓoya masu ƙidayar namun daji da masu ɗaukar hotonsu ke aiki a gandaye, kuma babu wanda ya fi ɗan maharbi dacewa da aikin gadin daji. Ya kamata masarautar Gwandu, da sarakunan baka, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, su zauna da dattawan da suka rage a rubuta abin da suka sani tun suna raye, a kuma keɓe wani yanki na daji inda gada za ta hayayyafa ba mai taɓa ta.